Sababbin zuwa Ingila da aka gano suna da ciwon hanta: mene ne abin yi bayan gwaji?

Maman Sadiya, Manchesta

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambayata ga likitoci da ma'aikatan jinya da ke cikinmu ce. A cikin 'yan uwa da suka shigo Ingila shekarun nan da bizar kula da tsofaffi ko ta karatu, ana yawan samun wanda aka ɗebi jininsa a wajen aiki, ko a awon ciki, ko a sashen gaggawa na asibiti, sai a turo masa takarda cewa an ga hepatitis B. Galibi mutum garau yake, babu zazzaɓi, babu shawara a ido. Sai ya ruɗe ya ɓoye takardar, wani ma har zargi ya shiga tsakaninsa da iyalinsa.

Shin duk wanda aka gani da shi sai ya sha magani? Zai iya taɓa biza ko aiki? Me za a yi wa mata ko miji da yara? Kuma tunda tare ake gwada shi da hepatitis C da ƙanjamau, ina bambancinsu? Allah ya saka da alheri.

Dakta Abu Hanif

Wa alaikumus salam Hajiya. Bari in fara da zargin, don ya fi cutar saurin ɓarna a gida.

Wanda aka haifa a Kano ko Damagaram ko Kumasi, aka same shi da hepatitis B yana ɗan shekara 30, abin da ya fi yiwuwa shi ne tun bai kai shekara biyar ba ya ɗauka. Ko daga uwa wajen haihuwa, ko daga yaran gida ta ƙuraje da ƙujewar wasa, ko daga aska ɗaya da ta yi wa yara da yawa kaciya ko tsaga ko cire beli. Ga dalili: jaririn da ya kamu, cikin 10 kusan 9 cutar za ta zauna masa. Ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, kusan kashi 30 cikin 100. Babba kuwa, ƙasa da kashi 5, saboda jikinsa kan kore ta cikin wata shida. Wato zamanta a jiki ma shaida ce ta ƙuruciya, ba ta wani abin kunya ba. Najeriya sai a 2004 ta sa rigakafin hepatitis B cikin na jarirai, don haka yawancin masu zuwa aiki yanzu ba su same shi ba. Binciken ƙasa na Najeriya mai suna NAIIS a 2018 ya nuna kashi 8.1 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da B, kashi 1.1 kuma da C. A Ingila B bai kai kashi 1 ba. Abin da ya sa ake ganinsa yanzu shi ne tun Afrilun 2022 asibitocin Landan da Manchesta da wasu garuruwa suka fara gwada duk wanda aka ɗebi jininsa a sashen gaggawa, sai in ya ce ba ya so.

To, a ɗauko takardar a duba layi uku. HBsAg shi ne rigar ƙwayar cutar. In an gan shi, ƙwayar tana jiki yanzu, in kuma ya wuce wata shida ana ganinsa, ta zauna. Anti-HBc shaida ce cewa mutum ya taɓa haɗuwa da ƙwayar kanta, allurar rigakafi ba ta kawo shi. Anti-HBs kuwa garkuwa ce, daga 10 zuwa sama akwai kariya. Mai anti-HBs kaɗai rigakafi ya yi. Mai anti-HBc da anti-HBs amma babu HBsAg, ya kamu ya warke, ba ya yaɗawa. Mutane da yawa da ke kuka da takarda a hannu wannan rukunin ne, kalmar da ke nufin "an gani" kawai ta firgita su. Sai dai su riƙe abu ɗaya: ranar da za a ba su maganin ciwon daji ko wani magani mai danne garkuwar jiki, su faɗa wa likita, don ƙwayar takan kwanta a hanta ta farka a irin wannan lokacin.

Mai HBsAg ya nemi likitan unguwa ya tura shi asibitin hanta. Can za a auna yawan ƙwayar a jini, wato HBV DNA, da HBeAg mai nuna ko ƙwayar tana saurin hayayyafa, da ALT mai nuna ko hanta tana ƙuna, da taurin hanta da na'urar FibroScan, wadda ba ta wuce minti goma kuma ba ta da zafi, sai dai a je da ciki ba abinci na awa uku. A tabbatar an haɗa da gwajin hepatitis D ko sau ɗaya. D ba ta rayuwa sai a jikin mai B, tana nan a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, tana saurin lalata hanta, kuma ana yawan mantawa da ita.

Ba kowa ke shan magani ba. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2024 ta ce a fara idan hanta ta soma tauri, sama da 7 a FibroScan. Ko idan ƙwayar ta haura 2,000 kuma ALT ya wuce 30 ga namiji, 19 ga mace. Ko idan akwai ƙanjamau, C ko D tare, ko ciwon suga, ko an taɓa yin kansar hanta a dangi. Inda babu na'ura akwai lissafin APRI daga gwajin jini na yau da kullum. A ce AST ɗin mutum, wani ma'aunin hanta irin ALT, 48 ne, iyakar ɗakin gwajin 40, sai a raba a samu 1.2. A raba wannan da adadin ƙwayoyin daskarar da jini, a ce 150, a ninka da 100, ya ba da 0.8. Duk abin da ya haura 0.5 na nuna hanta ta fara tabo, sama da 1 ana zargin ta ƙanƙance. Likitocin Ingila suna da tasu ƙa'idar da ta ɗan bambanta, amma turbar ɗaya ce.

Inda mutanenmu suke faɗuwa shi ne a nan: likita ya ce "yanzu ba ka buƙatar magani", kunne ya ji "ba ka da komai". Mutum ya canza gari saboda sabon aiki, wasiƙar asibiti ta ci gaba da zuwa tsohon adireshi, ya rasa ganin likita sau biyu, a cire shi daga layi. Bayan shekara takwas ya dawo da ciki a kumbure. Irin ƙwayar da ta fi yawa a yankinmu, wadda ake kira E, sau da yawa takan yi lamo da adadi kaɗan, sannan ta motsa ba sallama. Shi ya sa a shekarar farko ake maimaita ALT duk wata uku zuwa shida, bayan nan aƙalla sau ɗaya ko biyu a shekara har iyakar rai. Hanta ba ta kuka sai ta kusa gamawa.

Kansar hanta kuma takan zo wa haifaffun Afirka da wuri, wani yana ɗan talatin da wani abu. Ɗaya daga dalilan shi ne gubar aflatoxin da ke cikin gyaɗa da masara masu hunhuna, wadda mutum ya ci tun yana yaro, in ta haɗu da B haɗarin ya ninku. A tambayi likita kai tsaye ko mutum ya cancanci hoton ciki duk wata shida. Ƙuli-ƙuli da tunkuza da ake aikowa daga gida a jaka kuwa, in an ji ɗaci ko warin ajiya a zubar, kada a yi ƙyashi.

Anti Ungozoma

Dakta ya gama da hanta, ni bari in shiga cikin gida.

Duk wanda ke kwana a gidan a gwada shi: abokin aure, yara, ƙani ko ƙanwa da ke zaune tare. A sanar da 'yan uwa na ciki ɗaya da ke gida Najeriya ko Nijar su ma su je, don in daga uwa ne da wuya ya zama mutum ɗaya. A ɗebi jinin gwaji kafin a yi allura, ba bayanta ba, saboda allurar kan sa HBsAg ya bayyana na ƙarya har kusan mako biyu da rabi, a tada hankalin mutum a banza. Wanda ba shi da cutar kuma ba shi da garkuwa a yi masa rigakafi, kyauta ne ga iyalin mai ita. Tsarin da aka saba shi ne yau, bayan wata ɗaya, bayan wata shida. Ga ma'aurata an fi son mai sauri: yau, wata ɗaya, wata biyu, sai ta ƙarshe a wata 12. Bayan wata ɗaya zuwa biyu da gamawa a auna anti-HBs a ga ta kama. Kafin nan kwaroron roba. Sau da yawa ma za a tarar matar da ta yi shekara goma da miji mai cutar ta riga ta kamu ta warke ba ta sani ba.

Mai ciki a Ingila ana gwada ta B da ƙanjamau da tunjere a awon farko, kada ta ƙi. In ƙwayar ta haura 200,000, ana ba ta maganin B mai suna tenofovir daga wajen mako na 28 don adadin ya sauka kafin haihuwa. Jariri kuwa allurarsa ta rigakafi ta farko cikin awa 24, kuma gara a ɗakin haihuwa kafin a koma ɗakin kwanciya. In uwar tana da HBeAg, ko ƙwayarta ta yi yawa ƙwarai, ko jaririn bai wuce kilo ɗaya da rabi ba, ana ƙara masa allurar garkuwa ta HBIG a ɗaya cinyar. Allurar rigakafi ta biyu a mako 4, kuma ita aka fi tsallakewa, don ba ta cikin jadawalin sauran jarirai, gida kuma ya cika da hidimar jego. Mijin ya rubuta ranar a wayarsa tun ranar suna. Sai na mako 8, 12 da 16, sannan a gwada jinin yaron in ya shekara. Ba a yin tiyatar haihuwa don B kawai, kuma ta shayar da ɗanta nono.

Abin da ba a haɗawa: reza, abin yanke farce, buroshin haƙori, asuwaki, injin aski. Ƙwayar tana rayuwa a busasshen jini aƙalla kwana bakwai, ɗigon da ido ba ya gani a haƙoran injin aski ya isa. Maigida ya sayi nasa ya riƙa zuwa da shi shago. Mai yin ƙaho ko hijama ya ga an ɓare sabuwar aska da sabon kofi a gabansa, haka ma askin Mina lokacin aikin Hajji. In jini ya zuba a ƙasa, a sa safar hannu, a haɗa bilic kashi ɗaya da ruwa kashi tara, a zuba a bar shi minti goma kafin a goge.

Amma don Allah a daina ware wa mutum kwano da kofi. Ba a ɗauka ta cin tuwo a faranti ɗaya, ko musabaha, ko gumi, ko buta, ko tari. Maganar gumin nan ta raba mutane da yawa da shimfiɗarsu ba gaira ba dalili.

Baban Iman, Bolonya

Kan biza da aiki, Hajiya. Gwajin lafiyar da Ingila ke nema ga mai zuwa daga Najeriya na tarin fuka ne, ba na hanta ko ƙanjamau ba, kuma samun ɗayansu bayan an shigo ba ya soke biza. Rajista da likitan unguwa haƙƙin kowa ne, ko babu fasfo ko shaidar adireshi. Gwaji da maganin ciwon hanta na ƙwayar cuta suna cikin waɗanda NHS, hukumar lafiya ta Ingila, ba ta cajin baƙo a kansu, na ƙanjamau ma haka tun Oktoban 2012. Abin da kan kai sunan mutum ofishin shige da fice shi ne bashin asibiti na fam 500 zuwa sama da ba a biya ba, wannan kuwa ba bashi a cikinsa.

Aikin kula da tsofaffi, wanka, canza kaya, ba da abinci, auna suga, duk ba a hana mai B. Takurawar tana kan masu sa hannu cikin jikin majinyaci kusa da abu mai kaifi inda ba sa ganin yatsunsu, kamar likitan tiyata, likitan haƙori da wani ɓangare na aikin ungozoma. Su ma suna aiki in ƙwayarsu tana ƙasa da 200 kuma ana bibiya. Sakamakon yana tsayawa ne a sashen lafiyar ma'aikata, manaja ba ya ganin sai "ya dace da aiki". Jini dai ba zai bayar ba.

Ga 'yan uwa na wannan ɓangaren: a Italiya marar takarda zai nemi lambar STP, wadda ke ba shi damar ganin likita, a ofishin lafiya na yankinsa, tana aiki wata shida ana sabuntawa, kuma dokar 1998 ta hana asibiti kai rahotonsa. A Faransa cibiyoyin CeGIDD suna gwaji kyauta ba tare da suna ba, AME kuma, tallafin lafiya na marasa takarda, tana samuwa bayan wata uku da zama. Ƙasashen Larabawa na yankin Gulf lamarinsu daban, can gwajin takardar zama ya haɗa da ƙanjamau, ga wasu ayyuka kamar aikatau da girki har da B, kuma sakamakon kan hana zama. Mai niyyar can ya gwada kansa a gida kafin ya biya ejan.

Malam Mai Magunguna

Ƙari kan abin da Dakta ya faɗa. Maganin B ƙwaya ɗaya ce a rana: tenofovir, wanda a kwalin Turai za a ga 245 a na gida 300 alhali abu ɗaya ne, ko sabon samfurinsa TAF mai 25, ko entecavir 0.5. Suna danne ƙwayar har a daina ganinta a jini, hanta ta huta, tabo ma kan ragu. Ba sa fitar da ita gaba ɗaya, don haka galibi shan na shekaru ne ko na har abada.

Babban haɗari shi ne dainawa kwatsam. Mutum ya tafi hutu gida na wata biyu da maganin wata ɗaya, ko ya ga sakamako ya yi kyau ya ajiye. Cikin makonni zuwa 'yan watanni ƙwayar kan dawo da ƙarfi, garkuwar jiki ta afka wa hanta, mai tabo kuwa hantar na iya tsayawa. Kafin tafiya a karɓi na dukan kwanakin da ƙarin mako biyu, a sa a jakar hannu.

Ba a fara tenofovir ko entecavir sai an gwada ƙanjamau, don in tana nan ba a sani ba, magani ɗaya zai koya mata turjiya. Mai shan tsohon tenofovir a riƙa duba ƙodarsa, ya kuma nisanci diclofenac da ibuprofen, waɗanda masu aikin ɗaga tsofaffi ke sha kamar gyaɗa saboda ciwon baya. Paracetamol ya fi, amma mai ƙanƙancewar hanta kada ya wuce giram 2 a rana. Da azumi a mayar da tenofovir lokacin buɗa baki ko sahur, tare da abinci. Entecavir yana son ciki wayam, awa biyu bayan abinci da awa biyu kafin wani, saboda haka tsakiyar dare bayan tarawihi ya fi dacewa da shi. Mai ƙanƙancewar hanta ya tambayi likitansa kafin ya ɗauki azumin.

Jiƙe-jiƙen "wanke hanta" da ake tallatawa a WhatsApp da TikTok kuwa, babu wanda aka tabbatar yana kawar da B, wasu ma su ne ke ƙona hantar. Dabarar masu sayarwa sananniya ce: a kama wanda ya kamu yana babba, wanda dama jikinsa zai kore ta, ko a nuna sakamakon tsinken gwaji mai arha, a ce ga shaida.

Maman Sadiya, Manchesta

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Dakta, saura C da ƙanjamau. Kuma wanda aka yi wa gwajin kafin aure a gida aka ce lafiya lau, sai ya sake?

Dakta Abu Hanif

Ya sake, Hajiya. Kano ta sa dokar gwajin kafin aure a 2024, abu ne mai kyau, amma yawancin gwajin da ake yi na tsinke ne mai duba HBsAg kaɗai. Ba ya faɗin ko mutum yana da garkuwa, kuma tsinken da ya sha zafi a shago kan yi kuskure.

C labarinta ya fi daɗi, don ana warkewa. Gwajin farko yana nuna an taɓa haɗuwa da ita ne kawai, kuma kusan mutum 3 cikin 10 jikinsu ya riga ya kore ta. Sai an yi na RNA, mai neman ƙwayar kanta, a san ko tana nan. In tana nan, ƙwayoyi ne na mako 8 ko 12, fiye da kashi 95 suna warkewa, a tabbatar da gwaji mako 12 bayan gamawa. Hanyarta jini ce kusan zalla: ƙarin jinin da ba a tantance ba, sirinji ɗaya ga mutane da yawa a kemis, kayan haƙori. Masar ce babban misali, inda allurar maganin tsargiya da aka yi wa ƙauyuka daga shekarun 1950 zuwa 1980 ta yaɗa ta, sannan ƙasar ta gwada mutane sama da miliyan 50 daga 2018 ta kusa kawar da ita. Babu rigakafin C, kuma wanda ya warke zai iya sake kamuwa. Abu biyu ke ɓata maganin: shan sa tare da rifampicin na tarin fuka ko carbamazepine na farfaɗiya, waɗanda ke kashe ƙarfinsa, da fara shi ba a duba B ba, don in C ta tafi B kan farka.

Ƙanjamau kuwa akwai zaton da ya kamata a gyara, cewa duk baƙon da aka samu da ita daga gida ya taho da ita. Binciken Parcours a yankin Faris ya gano tsakanin kashi 35 zuwa 49 na 'yan Afirka kudu da Sahara masu ita bayan isowarsu Faransa suka kamu, kuma abin ya fi faruwa a shekarun farko na rashin matsuguni da rashin takarda. Don haka gwajin ranar isowa ba ya wadatarwa. Gwajin ɗakin bincike yana kama ta daga kwana 45 bayan haɗarin, na tsinke sai kwana 90. Wanda yake shan magani har ƙwayar ta daina bayyana a jini ba ya sa wa abokin aurensa. Ɗan Afirka ta Yamma a tabbatar an bambance masa nau'o'inta biyu, HIV-1 da HIV-2, don ta biyun tana yankinmu, musamman wajen Gini Bisau da Senigal, wasu magunguna kamar efavirenz ba sa taɓa ta, kuma ma'aunin da aka saba ba ya ƙirga ta daidai.

Ga masu aikin kula da tsofaffi: in allurar da aka yi wa wani ta soke ki, ki bar wurin ya ɗan zubar da jini ƙarƙashin famfo, ki wanke da sabulu, kada ki tsotsa, ki rufe da filasta, ki sanar da shugabar aiki, ki tafi sashen gaggawa a daren, ba sai an tashi aiki da safe ba. Maganin kariya daga ƙanjamau na kwana 28 ne, ya fi aiki a awannin farko, bayan awa 72 ba a ba da shi. Daga sukar allura ɗaya haɗarin ƙanjamau kusan 3 ne cikin 1,000, na C kusan 2 cikin 100, na B kuwa ga marar rigakafi yana kaiwa 30 cikin 100. Ki tafi da katin rigakafinki, don da shi za a yanke ko allurar ƙari kawai za a yi miki ko har da HBIG.